MAKARANTAR 'YA'YANMU: WA KE DA BAKIN MAGANA?



Yau na ajiye maganar kujera da ta wa zai tsaya wa zai janye. Maganar makarantar 'ya'yanmu na zo da ita. Na san kafin in kai ƙarshe wasu za su ce wane ya fara shirin sauya sheƙa. Ina nan daram inda kuka san ni. Gyara kayanka dai bai taɓa zama sauke mu raba ba, kuma laifin farko da zan faɗa a rubutun nan nawa ne.

Shekara biyu da suka wuce ina zaune ƙofar gida a nan Ƙofar Durbi, sai ga yaro da saƙo wai hedimastan wata firamare a cikin birnin nan yana nemana. Ba zan kama sunan makarantar ba. Ɗana yana can, don haka na tashi da sauri, zatona wani laifi ya yi. Ina shiga ofis muka gaisa, ya miƙo mani takarda da biro.

"Malam, ga nan za ka sa hannu."

Na ce, "Hannun me fa?"

Ya ce, "A'a, ai kai ne mataimakin shugaban kwamitin makaranta. Ba a faɗa maka ba?"

Wallahi ranar na fara ji. Daga baya na gano wani ɗan uwanmu a mazaɓa ne ya ba da sunana, saboda a cewarsa "kai namu ne". Takardar tana cewa kwamiti ya zauna, ya tattauna, ya amince a yi wa gaban makaranta fenti a kuma gyara babbar ƙofa. Ba a yi zaman ba. Na san ba a yi ba, shi ma ya san na sani. Amma na ce a raina ai alheri ne zai zo, kar in zama mai hana ruwa gudu. Na sa hannu.

An yi fenti, ya yi kyau, an ɗauki hoto. Ni ma ina cikin waɗanda suka yaɗa hoton.

Bayan 'yan watanni na lura wata yarinya ta unguwarmu, 'yar aji shida, ta daina sanya kayan makaranta, tana taya uwarta sayar da awara. Uwar bazawara ce, mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Na tsaya na yi mata nasiha irin tamu ta 'yan boko, ilimin 'ya mace kaza ne kaza ne, ga gwamnati ta gyara makaranta. Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce:

"Malam, in ɗiyata ta matsu, fentin za ta shiga? Makewayi ɗaya ne, ba ƙyaure, maza na leƙe. Yarinya ta fara girma. Da an tambaye mu da mun faɗi."

Da an tambaye mu da mun faɗi. Maganar nan ta daɗe tana ci mani rai. Kuɗin da aka kashe a fenti ya isa a sa wa makewayi ƙyaure har a ƙara wani. Ba wanda ya saci kuɗin, a iya sanina. An dai kashe su ne inda mai zuwa dubawa zai gani, saboda wadda ta san inda ciwon yake ba ta cikin ɗakin. Wanda aka ce yana wakiltarta kuwa, ni ne.

To jama'a, abin da ya faru a ƙaramin ofishin nan shi ke faruwa a manyan ofisoshi, daga Katsina har Abuja.

Ku duba yadda ake juya mu. A ƙarshen 2022, zamanin minista Adamu Adamu, gwamnatin tarayya ta amince a riƙa koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare. Muka yi murna. A Nuwamban 2025 minista Tunji Alausa ya sanar an soke, a koma Turanci zalla. A 2024 minista Tahir Mamman ya ce sai yaro ya kai shekara 18 zai shiga jami'a, ba a rufa shekara ba wanda ya gaje shi ya mayar da ita 16. An taɓa cire darasin Tarihi daga manhajar ƙananan makarantu, aka yi shekaru, aka dawo da shi. Ni a nan ba ina cewa wannan ministan ya yi daidai wancan ya yi kuskure ba. Tambayata guda ce: malamar aji biyu da ke tsaye gaban yara tun safe, wadda ita ce za ta koyar ko da Hausa ko da Turanci, wa ya taɓa zuwa ya ce mata, Malama, me kika gani? A rediyo take jin labari kamar kowa.

Ku tuna makarantun almajirai na zamanin Jonathan. A 2012 ya je Gagi a Sakkwato ya buɗe ta farko, aka gina fiye da ɗari a faɗin ƙasa. Niyya mai kyau, gini mai kyau. Yau da yawansu sun zama kufai ko an mayar da su wani abu daban. Gini ba ya kawo almajiri. Alaramma ne ke riƙe da almajiri, uba ne ya damƙa mashi shi. Idan waɗannan biyun ba su ji abin nasu ne ba, sai dai ƙadangaru su yi karatu a ciki.

Ko maƙwabtanmu Kaduna. A 2017 aka yi wa malaman firamare jarrabawa, aka ce 21,780 sun faɗi, aka sallame su. Ƙungiyar malamai ta NUT ta shiga yajin aiki a farkon 2018. Babu uban da ke son jahili ya koyar da ɗansa. Amma gyaran da ya zo wa mutane kamar saukar aradu, rabin ƙarfinsa a rigima yake ƙarewa.

Mu dawo gida. Ba zan yi butulci ba. A 2023 gwamnatin Malam Dikko Raɗɗa ta ɗauki malamai sama da 7,000, kuma ta hanyar jarrabawa, ba takardar ɗan majalisa ba. An ɗauko gina makarantun musamman guda uku, a Raɗɗa da Jikamshi da Dumurkul. Katsina tana cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na Bankin Duniya don karatun 'yan mata. An kuma fara bin mazaɓu 361 ana jin buƙatun jama'a kafin a tsara kasafin kuɗi. Wannan na ƙarshen shi ya fi burge ni, shi ne kuma hujjata. Idan za a iya tambayar mutanen mazaɓa rijiya suke so ko kwalbati, me zai hana a tambaye su a kan abin da ya fi rijiya da kwalbati, wato yadda za a tafiyar da karatun 'ya'yansu?

Ku ɗauki hutun azumin 2025. Katsina da Kano da Bauci da Kebbi suka rufe makarantu saboda Ramadan. Ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta yi ƙorafi, aka yi ta cacar baki a jaridu, mu ma muka shiga muka kare namu. A duk hayaniyar nan akwai muryar da ban ji ba: ta ɗan aji shida na sakandare da jarrabawar JAMB da WAEC ke jiransa bayan Sallah. Wataƙila da an tambaye shi ya ce hutun ya yi masa daidai. Wataƙila ya ce a bar su su riƙa zuwa daga safe zuwa sha ɗaya. Ba mu sani ba, don ba mu tambaya ba.

Kullum amsar ita ce "an tuntuɓi masu ruwa da tsaki". Mu da muke zuwa tarukan nan mun san su waye. Daraktoci, shugabannin ƙungiyoyi, wakilin wane da wakilin wane, a ɗakin taron otal, da Turanci, a ci shinkafa da kaza, a karɓi kuɗin mota. Ka ƙirga a ɗakin mutum nawa ne ɗansa ke zaune a ƙasa a makarantar gwamnati. Ni na taɓa ƙirgawa a zuci, ban cika yatsun hannu ɗaya ba. Ruwan nasu ne, tsakin kuwa a takalmin wasu yake.

Yanzu bari in faɗi abin da za a ce mani, don na sha jin sa.

Na farko, za a ce iyayen ba su yi boko ba, me suka sani a kan manhaja? Gaskiya ne mai awara ba za ta tsara darasin lissafi ba, ba kuma wanda ya ce ta tsara. Amma ku zagaya unguwannin birnin nan, daga Ƙofar Durbi zuwa Ƙofar Marusa zuwa Ƙofar Ƙaura, ku ƙirga makarantun Islamiyya. Wa ya gina su? Wa ke biyan malamai? Wa ke zama a yanke kuɗin wata, a sa lokacin shiga da na tashi, a sallami malamin da ba ya zuwa? Waɗannan iyayen ne dai da ake cewa ba su san komai ba. Uban da bai taɓa taka firamaren ɗansa ba, ranar saukar Alƙur'ani shi ne a sahun gaba da babbar riga. Bambancin a fili yake. Islamiyya tasu ce. Ɗayar kuwa ko a baki "makarantar gwamnati" muke ce mata, shi ya sa ake cire mata tagogi da dare maƙwabta na ji ba mai fitowa.

Garin nan ba baƙon ilimi ba ne. Hasumiyar Gobarau tana tsaye tun kafin Bature ya san hanyar nan. A nan Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani suka karantar. A nan aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, wadda ta yaye Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Mutanen da suka gaji wannan ba za a ce masu ba su san darajar karatu ba. Ita kanta ƙofar da nake zaune kusa da ita sunan sarautar Durbi take ɗauke da shi, Durbi kuwa yana cikin masu zaɓen Sarkin Katsina. Ko sarki ba mutum ɗaya ke zama ya fitar da shi ba, sai an yi shawara.

Na biyu, za a ce in an tsaya jin ta bakin kowa ba za a yi aiki ba, kuma akwai abin gaggawa. Na yarda da rabin wannan. Daren 11 ga Disamba 2020 da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 a sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, ba wanda zai ce Gwamna Masari ya tsaya kiran taron iyaye kafin ya rufe makarantun kwana. Rai ya fi komai. Amma rufewa ce gaggawa. Yaushe za a buɗe, ina za a kai yaran, wace makarantar kwana za ta koma jeka-ka-dawo, wannan duk yana da lokacin shawara. Kuma mutanen gari sun fi kowa sanin ta wace hanya baƙin fuska ke shigowa. Da ɗan gari akan ci gari.

Na uku, za a ce ai an zaɓi gwamna da 'yan majalisa, su ne muryar jama'a. Haka ne, kuma hukunci na ƙarshe nasu ne, ban ce a karɓe ba. Sai dai ƙuri'ar da muka jefa ba ta gaya wa kowa wane makewayi ne ba shi da ƙyaure ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

To wa ya kamata ya yi magana, kuma a kan me? Ga yadda nake gani. Nauyin bakin mutum ya zama daidai da nauyin abin da zai faɗo a kansa in an yi kuskure.

Masana da jami'an ma'aikata da na SUBEB su ne da ƙa'ida: me yaro zai iya a kowane aji, wa ya cancanci zama malami, yaya za a raba kuɗi. Wannan ba a jefa mashi ƙuri'a a ƙofar makaranta.

Malamin aji, ba shugaban ƙungiya kaɗai ba, shi ya san ko abin da aka rubuta a Abuja zai yiwu a ajin da yara suka cika har bakin ƙofa. A ji ta bakinsa kafin a buga littafi, kuma ya faɗi gaskiya ba tare da an tura shi ƙauye mai nisa don horo ba.

Iyaye su ne da maganar abin da makaranta ta fi buƙata, da lokutan karatu, da kowane kuɗi da za a ce su biya. In na ce iyaye ina nufin har da mata, su ne ma a gaba. Uwa ce ke tashin yaro, ita ke sanin ranar da ya ƙi zuwa da dalilin ƙin. Taron da aka sa bayan Isha'i a ƙofar gidan mai unguwa, an riga an cire ta.

Ɗalibai ma suna da baki. Su ne suka san malamin da ke zuwa ya sa hannu ya hau babur ya tafi, da wanda ke tsare 'yan mata bayan an tashi. Ba za su faɗa a gaban hedimasta ba.

Alarammomi da malaman Islamiyya, duk gyaran da ya shafi tsangaya ko lokacin karatun yamma, da su za a fara, ba a gama a kira su addu'ar buɗe taro ba.

Sannan wanda aka fi mantawa: uban da ɗansa ba ya makaranta sam. Kullum muna taro a kan yaran da ba su zuwa makaranta, ban taɓa ganin an gayyaci uban ko ɗaya ya faɗi dalilinsa ba.

Abin mamaki, ba sabon abu nake nema ba. Tun kusan shekara ashirin da suka wuce Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince kowace makaranta ta samu kwamitin gudanarwa na al'umma, wanda ake kira SBMC. A tsarinsa akwai hedimasta, wakilin malamai, ɗalibi namiji da mace, wakilan mata, mai unguwa, malaman addini, masu sana'a da tsofaffin ɗalibai. Ko tallafin gyaran makarantu na AGILE ta hannun irin waɗannan kwamitoci aka tsara ya bi. Akwai wuraren da suke aiki tsakani da Allah, na sani, Allah Ya saka masu. Amma a wurare da yawa rijiya ta ba da ruwa guga ya hana.

Gugan nan kuwa, 'yan uwa, sau da yawa mu ne. Mu 'yan siyasar mazaɓa. Da mun ji an ce kwamiti, sai mu ji ƙamshin kwangila. Mu cusa namu, mu ture wanda bai yi mu ba ko da 'ya'yansa biyar ne a makarantar. Wanda muka cusa ba zai iya cewa aikin ɗan kwangila bai yi ba, don ya san wa ya kawo ɗan kwangilar. Ya zama ɗan amshin Shata, kamar yadda na zama ranar nan. Kowace jam'iyya ta hau haka take yi, tamu ba ta fita ba. Mun ɗauka muna taimakon gwamnati ne, alhali muna toshe mata kunne. Gwamna zai ga rahoto mai kyau da hoto mai kyau, ranar zaɓe kuma mai awara ta tuna makewayi.

Ga abin da nake roƙo, kuma duk ba mai cin kuɗi ba ne:

1. A zaɓi 'yan kwamitin kowace makaranta a fili, a harabar makaranta, da rana, iyaye su ɗaga hannu. A liƙa sunayensu a bakin ƙofa. Duk mai riƙe da muƙamin jam'iyya, kowace jam'iyya, kar ya shugabanci kwamitin.

2. Duk aikin da za a yi a makaranta a rubuta shi da Hausa a bango: mene ne aikin, nawa ne kuɗin, wa zai yi, yaushe zai gama. Kar a biya kuɗin ƙarshe sai kwamiti ya zagaya ya gani da ido.

3. Babban sauyi, kamar kalandar karatu, harshen koyarwa, haɗe makarantu ko sabon kuɗi, a sanar da shi zango guda kafin a fara, a zauna a ji jama'a a ƙananan hukumomi 34. In gaggawa ce ta tsaro, a yanke, amma a zauna da iyaye cikin mako biyu a kan abin da zai biyo baya.

4. Mata su yi nasu zaman daban da hantsi, mace ta jagoranta. Ɗalibai su ma a ji su ba tare da malamansu a wurin ba.

5. Kwamitin ilimi na Majalisar Dokokin jiha ya riƙa jin ra'ayin jama'a da Hausa, a sa a rediyo kai tsaye, a buɗe waya.

6. Bayan kowane zama a dawo wa mutane da amsa: ga abin da kuka ce, ga wanda muka ɗauka, ga wanda muka bari da dalili. Talaka yana iya haƙuri da "a'a" in an gaya mashi dalili. Abin da ke kashe mashi gwiwa shi ne ya yi magana ta faɗa rijiya.

Ni dai na koma wajen hedimastan nan na ce a cire sunana, a kira iyaye su zaɓi wanda suke so. Ya dube ni kamar na zautu. An kira taron, mutane ba su zo da yawa ba, don sun saba ba a jin tasu. Cikin waɗanda suka zo har da mai awara. Ba ta yi doguwar magana ba, abin da ta faɗa mani shi ta maimaita. Aka yi karo-karo, wani kafinta a cikin iyayen ya ce shi zai yi aikin kyauta, cikin mako guda aka sa ƙyaure.

Yarinyar dai ba ta koma ba. Shekarar ta riga ta wuce ta, 'yan ajinsu sun tafi sakandare, ta ce kunya take ji. Kullum na bi ta wurin ina ganinta gaban kasko, ta gaishe ni da ladabi, ni kuma in tuna da biron nan.

Don haka ɗan uwa, kafin ka yaɗa hoton fenti na gaba, taka zuwa makarantar unguwarku ka tambayi sunayen 'yan kwamiti. In ka tarar da sunanka a ciki ba da saninka ba, ka san abin yi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba shugabanninmu kunnen sauraro, mu kuma Ya ba mu ƙarfin halin faɗa masu gaskiya. Amin.